Neman shawara: dattawan garinmu sun ce in karɓi rawanin dagaci

Mai tambaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure, na zo da wata magana da ta hana ni barci tun bayan sadakar arba'in ta mahaifina, kuma ina roƙon waɗanda suka san sha'anin sarauta daga ciki su taimake ni da abin da Allah ya sanar da su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya riƙe dagacin garinmu shekara 34, kafin shi kuma kakana ne ya riƙe. Ni malamin makarantar sakandare ne a birni, shekarata 41, kuma rabona da zaman ƙauye sosai tun ina ɗalibi, sai dai zuwa sallah ko biki ko ta'aziyya. Makon jiya limamin gari da masu unguwanni da Sarkin Noma da Arɗon Fulanin da ke gefenmu suka kira ni, suka ce bakinsu ya zo ɗaya a kaina, sunana za su kai wa hakimi, shi kuma ya miƙa fada.

Ban ba su amsa ba, domin akwai abin da ke gabana. Baffana, ƙanin mahaifina uba ɗaya, ya daɗe yana wakiltar marigayi a fadar hakimi, kuma kowa ya san yana sa ran rawanin, ga shi ba na son gidanmu ya rabu saboda ni. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne makiyayar da ke arewa da gari, wadda burtali ya ratsa ta zuwa mashaya. Tun da aka yi kwalta ta wannan hanya ƙasar ta yi daraja, kuma wani babban mutum mai faɗa a ji a siyasar yankinmu ya sha aiko wa mahaifina cewa ya sa hannu a yanka ta filaye, marigayi yana ƙi har ya koma ga Allah. Na tabbata duk wanda aka naɗa, wannan takarda ce za ta fara isa gabansa.

Tambayata ita ce, wane iko ne ya rage wa dagaci a yau? In na karɓa, ina da ƙafar da zan tsaya in ce a'a, ko kuwa rawani ne kawai za a ɗora mini, ranar da na ƙi umarni a tuɓe shi? Ba na son in bar koyarwa in je in zama hatimin wani, ba na kuma son in guje wa mutanen da suka amince da ni. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Wani dattijo, tsohon malamin hakimi a ƙasar Kano:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na yi shekaru ina riƙe da littattafan wata gunduma, mahaifina kuma ma'aikacin En'e ne, wato hukumar mulkin sarakuna ta zamanin Turawa, saboda haka bari in faɗa maka yadda ikon ya zube, domin wanda bai san abin da aka ƙwace ba, ba zai gane abin da ya rage ba.

Cikakken iko, wato a ce babu wani a saman sarki sai Sarkin Musulmi da shari'a, ya ƙare ne a 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, aka kuma kai Sarkin Kano Alu gudun dole har ya rasu a Lakwaja. Daga nan duk sarkin da aka naɗa, sai da yardar Gwamna, kuma Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, yana gefensa. Amma abin da mutanen yanzu ba su cika lura da shi ba shi ne, a kan talaka ikon sarauta bai ragu ba a zamanin Turawa, ƙaruwa ma ya yi, domin En'e ce ke riƙe da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari da baitulmali, hakimai kuma aka fitar da su daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa. Dagaci a wancan lokaci shi ke ƙidayar magidanta, shi ke tara haraji, shi ke nuna wa baƙo inda zai sari daji, kuma in ya ce a kama mutum an kama shi.

Sai aka shiga zare waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Juyin mulkin 1966 ya rufe Majalisar Sarakuna ta Kaduna. A zamanin Gowon aka karɓe kotuna da gidajen yari, aka shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, mulkin yau da kullum ya koma hannun ciyaman da kansiloli, majalisar sarki ta zama ta ba da shawara. A 1978 dokar amfani da ƙasa ta zo, a 1979 kuma Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ni da idona na ga dagatan da suka rasa abin yi bayan haka, domin ba su san wata alaƙa da jama'a ba sai ta karɓa.

To me ya rage? Abin da ya rage shi ne sani da shaida. Babu wani ofishi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ya san inda gonar wane ta tsaya ta wane ta fara, wace gona ce jingina, wacce ce aro, wacce ce ta marayu, wane ne baƙon da ya sauka jiya da daddare, sai zauren dagaci. Shi ya sa har gobe alƙali yake aika masa a kan rikicin kan iyaka, kuma shi ya sa da rigakafin shan inna ya cije a Arewa, sai da aka koma ga sarakuna, aka kafa kwamitinsu a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, masu unguwanni suka riƙa shiga gida gida tare da ma'aikata, kafin a kai ga shelar 2020 cewa ainihin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Afirka. Batun tuɓe rawani kuwa, ba zan ɓoye maka ba, yana iya faruwa. An sa Sarkin Kano Sanusi na ɗaya murabus a 1963, an cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, an cire Sarkin Gwandu Jokolo a 2005, an cire Sanusi na biyu a 2020 aka kuma maido shi a 2024. In manyan itatuwa haka iska take yi da su, dagaci ba zai ce ya tsira ba. Duk da haka ni ina ganin ka karɓa, domin mahaifinka da wannan ragowar ikon ya tsare makiyayar har ya rasu.

Wani lauya daga Kaduna:

Malam, ina yi maka ta'aziyya. Baba ya kawo tarihi, ni kuma zan tsaya a kan doka, musamman wannan takarda da kake tsoro. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, saɓanin na 1979 da ya tanadi majalisar sarakuna a kowace jiha. Naɗi da dakatarwa da cirewa duk suna cikin dokar masarautu da majalisar dokokin kowace jiha take yi, kuma tana iya sauya ta duk lokacin da ta ga dama, kamar yadda aka gani a Kano da aka raba masarautar gida biyar a 2019 aka kuma soke rabon a 2024. Saboda haka kafin ka ba dattawa amsa, ka samo dokar jiharku ka karanta ta da kanka, ka duba wa ke da ikon dakatar da dagaci, da wane dalili, da kuma ko ana ba shi damar kare kansa. Ka kuma tambayi hukumar da kake wa aiki a rubuce yadda matsayin aikinka da fanshonka zai kasance, kada ka ajiye aiki da ka, domin alawus ɗin dagaci ba zai riƙe maka gida ba, kuma dagacin da yunwa ta kama shi ne mafi sauƙin saye.

Game da makiyayar, akwai abin da zai kwantar maka da hankali. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ƙasar karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe ta bisa al'ada, kuma ba ta da ikon ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da amincewar gwamna. Ma'anar wannan ita ce dagaci ba shi da ikon sayar da makiyaya ko kyautar da ita, kuma sa hannunsa ba ya mallaka wa kowa komai. To me ya sa suke nemansa? Suna nemansa ne domin ya zama shaida cewa wurin ba na kowa ba ne, kuma jama'a ba su da ja, don su kai wannan shaida ofishin filaye. Ka ga ke nan abin da ake nema a wurinka shaida ce, kuma babu dokar da ta tilasta wa mutum ya ba da shaidar abin da ba haka yake ba.

Shawarata ita ce kada ka jira takardarsu ta iso, ka riga su da taka. A nemo ko an taɓa yi wa wurin rajista a ƙarƙashin dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, domin in an yi, hujjarku ta yi ƙarfi ƙwarai. In ba a yi ba, a tara dattawan manoma da na Fulani, a zagaya iyakar makiyayar da burtalin da mashayar, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai kwafi ga hakimi da majalisar masarauta da ƙaramar hukuma da ma'aikatar da ke kula da dabbobi, a karɓo shaidar cewa sun karɓa. Ranar da aka matsa maka, ba kai kaɗai za a ce ka ƙi ba, gari ne ya riga ya yi magana.

Wata malamar kwalejin ilimi daga Zariya:

Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan. Ina neman afuwar Baba malamin hakimi, amma akwai gefen labarin da ya kamata a faɗa, domin ni 'yar talakawa ce, kuma abin da na ji daga bakin kakannina game da dagatai ba mai daɗi ba ne. Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji, da yadda ake kwashe samari zuwa noman gandun sarauta alhali gonakin iyayensu na jiran noman farko, da yadda wasu suke tserewa daga garinsu da daddare. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ba daga sama ta faɗo ba, wannan kukan ne ya haife ta. Saboda haka idan ana maganar maido wa sarauta iko, ni nakan tambaya, wane iko, kuma wa zai tsawata wa mai riƙe da shi?

Ban ce kada ka karɓa ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, a cikin waɗanda suka kira ka babu mace ko ɗaya, alhali rabin rigingimun da za su zo zaurenka na mata ne. Na san gidaje da yawa inda aka raba gado aka ce mata ba sa cin gona, a ba su kuɗi kaɗan a rufe bakinsu, kuma dagaci yana zaune ya shaida, duk da cewa Alƙur'ani ya yanka musu rabonsu. Na san zawarawan da aka karɓe gayaunarsu ranar da suka fita takaba. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwar sarautar mata ba ce, ga sarauniyoyin Daura, ga Amina ta Zazzau, ga sarautar Magajiya da ta Inna a Gobir, waɗanda suke da faɗa a ji a cikin fada. In ka hau, ka nemi dattijuwar da matan gari suka yarda da ita, ka ba ta matsayi sananne, ta riƙa kawo maka kokensu kai tsaye, kuma kada ka yarda a raba gona a gabanka sai an kirawo kowace magajiya an ji daga bakinta. Batun la'ada da gaisuwar da ake kai wa dagaci a kan cinikin gona, ka yanke hukunci a kansa tun ranar farko, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:

Malam, muna yi maka gaisuwar rashi daga Nijar. Abin da Barista ya ba ka shawara ka yi da hannunka, a wajenmu doka ce ta tanade shi, kuma ina ganin za ka iya aron tsarin ko da dokarku ba ta ambace shi ba. A nan magidanta ne suke zaɓen mai gari daga cikin 'yan gidan sarauta, masu gari kuma su zaɓi sarkin yankinsu, sannan hukuma ta tabbatar, kuma dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta amince musu da ikon yin sulhu a rigingimun al'ada da na gonaki, su rubuta takardar abin da aka daidaita a kai ko aka kasa daidaitawa, kafin magana ta wuce gaban alƙali.

Bayan rikicin Toda a jihar Maraɗi a 1991, inda aka rasa rayuka sama da 100 tsakanin manoma da makiyaya, kowa ya gane cewa barin maganar ƙasa a bakin mutum ɗaya hatsari ne. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta zo da kwamitocin ƙasa, kuma na matakin ƙauye mai gari ne shugabansa, amma a ciki akwai wakilin manoma da na makiyaya da na mata da na matasa. Su ke shaida sayarwa da kyauta da aro da jingina a rubuce, su ke sa ido a kan burtali da mashaya kada a cinye su da noma. Ba zan ce komai yana tafiya daidai ba, domin mu ma siyasa tana shiga zaɓen sarakuna, amma mai garin da ke da irin wannan kwamiti yana da amsar da zai ba babban mutum, wato ba shi kaɗai ke sa hannu ba. Tun da limami da Sarkin Noma da Arɗo ne suka neme ka, ka riga ka sami rabin kwamitin, saura mata da matasa kamar yadda Hajiya ta ce.

Wani mazaunin zangon Kumasi:

Ɗan'uwa, Allah ya ba da haƙuri. A Gana tsarin mulkin 1992 ya kare sarautar gargajiya, har ya hana majalisar dokoki yin dokar da za ta ba wani ikon amincewa da sarki ko janye amincewar, ya kuma hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, wanda yake son takara sai ya sauka daga kujera. Rigimar sarauta majalisun sarakuna ne ke fara sauraronta, kuma a al'adar Asante masu naɗa sarki suna iya sauke shi in ya ci amanar jama'a, ciki har da sayar da ƙasar kujera ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kariya ku ba ku da ita, amma rabin na biyu yana hannunka, wato ka nisanci jam'iyya. Mu nan Sarkin Zango ba shi da ƙasa ko taƙi ɗaya, domin ƙasar Kumasi ta Asantehene ce, amma maganarsa tana da nauyi a wurin mutanenmu muddin ba a gan shi a rumfar kamfe ba. Ranar da aka ga rawaninka a bayan ɗan takara, waɗanda ba sa yin sa sun daina kawo maka ƙara, in kuma ya faɗi, wanda ya ci zai tuna da kai.

Wani malamin zaure daga Katsina:

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. An yi maganar doka da tarihi, ni zan koma kan baffanka, domin na ga an wuce shi, alhali ta nan ɓaraka za ta iya shigowa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya sanar da shi cewa wanda aka ba shi ba tare da ya nema ba za a taimake shi a kai, wanda kuma ya nema za a bar shi da shi. Kai ba ka nema ba, wannan alheri ne, amma ka yi istihara, sannan ka tashi da ƙafarka ka je gidan baffanka kafin sunanka ya isa wurin hakimi, ka tsuguna ka gaya masa abin da dattawa suka ce da bakinka, kada ya ji a kasuwa. Ka tafi da limami da babbar gwaggonku. In aka bar shi da ciwon rai, masu son makiyayar ba za su sha wahalar neman ƙofa ba, ta wurinsa za su bi, su kai takardar ƙorafi fada da sunan gidanku. Shi ya san fadar hakimi, kai ba ka san ta ba, saboda haka ka roƙe shi ya ci gaba da wakilci, ka kuma girmama shi a bainar jama'a yadda mahaifinka yake yi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya gafarta Malam, jiya bayan la'asar na je wurin Baffa tare da limami da gwaggona, mun daɗe, ya yi kukan ɗan'uwansa, ya ce in ba shi kwana uku ya yi tunani, amma ya ce ba zai kai ƙarar ɗansa ko'ina ba. Barista, na samo dokar masarautu ta jiharmu, na kuma rubuta wa hukumarmu takardar neman bayani a kan aikina. Na gaya wa dattawa cewa zan amince a kai sunana bisa sharaɗin a zagaya makiyayar a rubuta iyakarta tun kafin naɗi, kuma Arɗo ya ce zai kawo tsofaffin da suka san duwatsun iyaka. Yaya, maganarki ta shige ni, domin na tuna wata gona da aka raba a gidanmu ba a kira gwaggonnina ba, kuma da ita zan fara. Baba, saura abu ɗaya, akwai wani tsohon littafi da mahaifina yake rubuta cinikin gonaki a ciki da ajami, yana cikin adakarsa, yaya zan yi da shi?

Dattijo, tsohon malamin hakimi:

Ɗana, kada ka bar littafin nan ya kwana a hannun kowa, ko ɗan gida ne. Ka buɗe adakar a gaban baffanka da limami, a ƙirga shafukan a gabansu, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka buga kwafi biyu, ɗaya a wurin limami ɗaya a gidanka na birni. Ka sami almajirin da ya iya karatun ajami ya juya maka shi zuwa boko tun tsofaffin da suka shaida cinikin suna raye, domin a tambaye su inda rubutu ya goge. Ka duba ƙarshen littafin da kyau, dagatai da yawa a can suke rubuta iyakar makiyaya da sunayen waɗanda aka ba aron wuri a gefenta.